Lambar da Aka Kwance a Kasuwar Kalgo

Laraba, bayan Isha'i. Gwandu.

Tun jiya da aka kwance min lambar babur a kasuwar Kalgo, ina ciki ina cinikin albasa, hankalina bai kwanta ba. Ba faɗuwa ta yi ba, don na tarar da noti biyun a ƙasa.

Da safe Kawu Bello ya ce, "Mi za ya kai ka ga 'yan sanda, Sani? Tahi ga mai fenti ya rubuta maka wata." Ban yi masa musu ba, amma ban bi shawararsa ba. Wanda ya ɗauki lamba ya bar babur ba alheri ya nufa ba. In aka yi ɓarna da ita, ƙofata za a ƙwanƙwasa.

Na koma Kalgo na kai rahoto. Sai bayan Azahar 'yan sanda suka saurare ni suka ba ni takarda, daga nan na wuce kotu na karɓi takardar rantsuwa. Ko abinci ban ci ba.

A hanyar dawowa aka tare ni a shingen 'yan sanda. Na miƙa takardun. Ɗan sandan ya karanta, ya leƙa bayan babur, ya ce, "Wuce, Malam, ka yi dabara."

Sabuwar lamba sai na je Birnin Kebbi, kuma an ce za ta ɗau lokaci. Matata Hauwa ta sa min takardun a leda, ta ce ko masallaci kada in je ban ɗauke su ba.