Awon Ƙafar Inna

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Ɗiyar Iya Kande ta haihu, namiji. Suna ran Alhamis, can ƙauyensu gaba da garin Sarkin Yamma. Inna ta ce ko da rarrafe sai ta je, Iya Kande ce kaɗai yayarta da ta rage.

Sai maganar takalmi. Silifas ɗinta sun tsinke tun kafin Salla, da waya ta ɗaure hancin. Kuma tun da aka gano ciwon sukari, majo, malamin jinya na dispanser, ƙaramin asibitin garinmu, ya hana ta yawo da su, ya ce ƙafarta ba ta jin abu kamar da, ta nemi mai rufi mai laushi. Ga shi ba ta iya shiga kasuwa da rana yanzu, jiri ke ɗibarta.

Da safe ta zaro sillen kara daga danni, shingen gidanmu, ta taka shi, ta karya daidai kan babban yatsa. Ta miƙo mani, idonta na kan murhu.

"Ke, ga awo. Wanda zai shiga mota, ya hau babur ɗin kabu-kabu, ya taka rairayi, kuma kar ya ba ni kunya cikin mata. Guda nake so, ba ƙafa huɗu gare ni ba."

Ni ce ɗiyar fari. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta aike na kan abin da ya shafi jikinta. Ko kallabi ban taɓa zaɓa mata ba. Yau ga awon ƙafarta a hannuna. Na shige ɗaki don kar ta ga fuskata.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na sa sillen cikin littafin soyayyar da ƙawata Farida ta ara mani, don kar ya ɓace, kuma yana riƙe mani shafi. Na kai wurin da yarinyar ta sauko daga jirgi da takalmi mai tsini, saurayin kuma yana tsaye da fure, ya ce tun daga nesa ya gane sautin takunta. Sau uku na karanta wurin. A rairayin gidanmu ko ƙarfe mutum ya sa a ƙafa ba a jin takunshi.

Litinin, 7 ga Afrilu

Bari in rubuta yadda aka yi daidai, tunda ba mai karantawa.

Bayan an tashi lakwal, da kayan makaranta a jikinmu, muka bi ta kasuwa ni da Farida. Da na buɗe jaka gaban rumfar Illo mai takalma, sai na ga kan sillen da ya leƙo daga littafin ya karye. Bakin fari fat, sabuwar karaya. Na laluba ƙasan jaka, ban samu guntun ba. Bai fi gaɓar yatsa ba, ina jin. Ko ya ɗan fi.

Illo ya karɓa yana zura shi cikin takalma ɗaya bayan ɗaya. Ya fiddo na roba mai faɗi kamar kwale-kwalen masunta. Ya fiddo wani ruwan ƙasa mai maɗauri biyu, ya lanƙwasa shi a hannu ya ce, "Wanga ko Makka za ta da ƙafa, ya kai ta. In ƙafa ta kumbura sai a sassauta." Farida ta ce irinshi kakarta ke sawa zuwa gona.

Sai na hango wani baƙi, sau-ciki, da ɗan fure ruwan zinari a bisa. Ba tsini, amma yana da sheƙi. Illo ya zura sillen, ya shige cif.

Ya ce, "Na tsohuwa ne? Awon safe ne ko na marece? Ƙafar manya ƙaruwa take da rana, a ƙara lamba guda."

Ya duba, babu na gaba da shi a mai furen. A mai maɗauri akwai.

Maza uku na zaune a bencinshi suna sauraro, ya zan ce awon uwata ya karye cikin littafin soyayya? Farida na ta zungurina, "Ke Lantana, ɗauki mai kyau mana, suna za ta ba jana'iza ba."

Na ɗauki mai furen. Na ce a raina fata ce, za ta saki.

Talata, 8 ga Afrilu

Inna ta gwada. Sai da ta sa yatsa ta ja diddigen kafin ya shiga. Ta taka zuwa bakin randa ta dawo.

"Ya yi."

Shi ke nan. Amma na gan ta tana goge furen da bakin zane, kuma da maƙwabciya ta leƙo na ji ta ce, "Yarinyar nan ta zaɓo." Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba. Na ma manta da guntun.

Ban manta ba. Ƙarya nake.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ta tafi da sassafe. Daga baya kamar wata Hajiya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ta dawo da la'asar, da tsaraba, dakuwa da ɗan naman suna. Wai kabu-kabun da ya ɗauke su daga bakin hanya ya yi faci, suka ƙarasa da ƙafa cikin rana, ga rairayi kamar an soya. Dawowa ma da ƙafa suka fito titi.

Ta zauna bisa tabarma tana ba Baba labarin jariri, tana cire takalmin. Na dama ya ƙi fita. Da ta ja da ƙarfi sai ya fito da fata. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun saɓule, diddige ya yi ƙuna ya fashe. Cikin takalmin jini ne ya bushe.

Ita kanta kallo take, kamar ƙafar wani. "Ikon Allah. Wallahi ban ji ba."

Baba ya ce a je dispanser. Ta ce don ɗan wanga? Ta sa na dako mata bagaruwa.

Talata, 15 ga Afrilu

Ciwon ba ya bushewa. Na buɗe littafin na rufe. Yarinyar na can tana kuka don bai kira ta ba kwana biyu.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Zazzaɓi tun jiya. Kuma akwai wari, kowa na ji, ba mai faɗi. Baba bai je tafki ba yau, ya ajiye komarshi ta kamun kifi ya aro amalanke muka kai ta dispanser.

Majo ya kwance tsumman, ya duba, sannan ya hau faɗa. Ya ce a kawo takalmin ya gani. Da ma na zo da shi cikin leda, ban san dalili ba. Ya aza shi jikin tafin ƙafarta ta hagu, mai lafiyar. Yatsunta sun wuce bakin takalmin.

"Wa ya sawo maki wanga? Mai sukari? So ake a kashe ki?"

Ina tsaye jikin ƙofa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe.

Inna ta ce, "Ni na zaɓa da kaina, majo. Kyau ya ruɗe ni."

Ya rubuta takarda, ya ce asibitin Maradi, kar a wuce Litinin.

Litinin, 21 ga Afrilu

Wannan tafiyar ba takalmi. Ƙafar na naɗe cikin tsohon zane, Baba ya ɗauke ta cak ya sa gaban mota, direba ya ce ta aza bisa jakata. Duk ramin da muka faɗa sai in ji a cikina, ita ko ba ta ko motsi. Iya Kande ta tarye mu a tasha, ita za ta yi jinya, ni ce mai aike da wanki.

Laraba, 23 ga Afrilu

Yatsun biyu sun yi baƙi. Likita ya zana layi da bik, biron rubutu, a bayan ƙafar, ya ce za a ba ta allurai zuwa Juma'a. In jan da ke hawa ƙafar bai haye layin ba, yatsu biyu za a cire. In ya haye, daga ƙasan gwiwa.

Ƙasan gwiwa. Inna da ba ta iya zama ko na rabin wuni.

Duk wadda ta wuce a barandar nan ƙafarta nake kallo. Masu jinya duk silifas ne, ma'aikata na roba masu huji-huji, wata tsohuwa da mai maɗauri biyu, ruwan ƙasa, sak wanda Illo ya lanƙwasa. Tana ta tafiyarta lafiya lau.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na faɗa wa Iya Kande. A bakin famfo, muna wanke kwanoni. Duka na faɗa, littafin, guntun da ya ɓace, maganar Illo, furen. Na yi zaton za ta kife ni da mari. So nake ta yi.

Ta ci gaba da cuɗa tukunya. Can ta ce, "To ke a zatonki ba ta sani ba? Matar da ta shekara arba'in da ƙafarta?"

Wai tun ran suna mata suka ga yadda naman ƙafar ya kumburo ta bakin takalmin. Iya ta kawo mata silifas ta ce ta sake. Inna ta ƙi. Ta cire lokacin salla, ta maida. Ta ce abin da yarinya ta fara zaɓa mata ke nan, ba za a ce ta je da shi ta dawo da shi a leda ba.

"Zafin ne ba ta ji ba, amma matsi ta gan shi da idonta tun a gida. Kara ta yi maki, ɗiyata. Uwarki ke nan. Ba ta iya cewa ta gode, to da ƙafa ta faɗa."

Kara. Ni na karya nawa, ita ta riƙe nata har ya kai mu nan.

Na yi kuka har wata mata ta tambaya ko rasuwa aka yi mana. Abin da ban faɗa wa Iya ba, haushi nake ji. Na Inna. Da ta ce ya matse, da na koma wurin Illo ran Laraba, shi ke nan fa. Kalma guda. Ni na kasa, ita ma ta ƙi. Allah ka yafe mani, tana kwance ina jin haushinta.

Da marece na zauna bakin gadon na ce, "Inna, awon nan da kika ba ni..."

Ta ce, "Miƙo mani buta."

Juma'a, 25 ga Afrilu

Jan bai haye ba. Alhamdu lillahi. Ya zo dab da layin ya tsaya.

Sun cire biyun da hantsi.

Lahadi, 4 ga Mayu

Mun dawo gida jiya. Tana dogara sanda. Ƙannena sai leƙen bandejin suke, ta kore su.

Farida ta zo da sabon littafi, wai wanga ya fi wancan. Na karɓa don kar ta ji wani iri. Ta ce, "Ai ba laifinki ba ne, ƙaddara ce." Na ce haka ne. Mi zan ce?

Laraba, 14 ga Mayu

Majo ya ce ciwon na kyau. Ya ce in ya rufe sai takalmin da aka yi don ƙafar, ba na rumfa ba. Na je na kira Garba baduku har gida, da la'asar, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta. Ya sa ta taka kwali ya zana kowace ƙafa daban. Ya ce fatar akuya mai laushi, tafi mai kauri saboda ƙaya da zafin rairayi, maɗauri ta baya don kar ya zame bisa kabu-kabu. Ya tambaya ko a sa ado. Inna ta dubi murhu, ni na dubi ƙasa. Ya ce to, ba ado.

Majo ya ƙara da wani abu. Wai tunda ba ta ji, dole wani ya zama idon ƙafar, kullum a duba tafi da tsakanin yatsu. Ya dubi Baba, Baba ya ce shi da ke tafki tun asuba. Ya dube ni.

Inna ta ce ita ba jaririya ba ce.

Asabar, 24 ga Mayu

An yi rasuwa a Safo, dangin Baba. Inna ta je da amalanke, tafiyarta ta farko, da takalmin Garba. Ta dawo kafin magariba tana cewa lafiya lau, ko gajiya babu. Ta cire takalmin ta tura ƙafar ƙarƙashin zane.

Na kawo ruwa a kwano na durƙusa. Ta ce in ajiye za ta wanke da kanta. Na ce a'a. Ta ce, "Ke, mi ke damunki? Ɗiyar fari ba ta wanga rashin ta-ido." Ta ja ƙafar. Na kama idon sawun da hannu biyu.

"Inna, ba ni ƙafar. Ba tambayarki nake ba."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Har akuya ta ɗago kai. Inna ta dube ni, ido cikin ido, ta daɗe. Sannan ta saki ƙafar, ta juya fuska wajen danni tana gunaguni, wai 'ya'yan yanzu.

Wurin yankan ya yi sumul, ja-ja, bai kai yadda nake tsoro ba. Na bi yatsu ukun ɗaya-ɗaya. A ta hagu, ƙasan diddige, ƙarangiya guda ta shige, halan lokacin da ta cire takalmi za ta shiga ɗakin gaisuwa. Ba ta san da ita ba. Na zare, na wanke wurin, na nuna mata a tafin hannuna.

Ta duba, ta kau da kai.

Ba wani abu ba ne, ƙarangiya ce kawai. Na dai faɗa mata gobe da marece ta same ni a tabarmar nan, kuma kar in zo in tarar ta riga ta wanke.