Sukkarin da Na Riƙa Kawo Miki

Zuwa ga Surayya, sanyin idona, inuwata a zafin Jidda, wadda tunaninta ke sa in manta da sikeli a hannuna.

Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Jiya Inno, mahaifiyarki, ta tsaya a shagona na unguwar Mahjar ta faɗa mini abin da kika ɓoye shekara guda: ciwon suga gare ki, shi ya kwantar da ke asibiti kwana uku. Wayyo Surayya! Ni kuwa kowace Juma'a sai in ɗauko kwalin dabinon sukkari, mai laushin nan da ke narkewa a baki, in zauna a falonku a unguwar Sa'alaba, ina zuba miki gahawa ina cewa ki ƙara ɗaya. Kina ci kina murmushi, don a gidanku ba a mayar da hannun kyauta baya. Ashe cuta nake ɗura miki da sunan ƙauna!

Shekara goma sha biyu ina sayar da dabino. Na san ajwa baƙar Madina, zaƙinta bai kai na sukkari ba. Na san safawi da tsofaffinmu ke nema wa mai jego, da ɗanyen barhi mai garas-garas. Kullum ina cika alhazai da surutu: dabino na gyara ciki, yana mayar da kuzari. Amma ban taɓa tambayar wadda nake so ko jikinta na ɗauka ba. Kunya ta ishe ni.

Inno ta ce kin ce halas, an fasa aurenmu, in nemi mai lafiya, kada ki zame mini nauyi. Nauyi? Ke da ganinki kawai ke sauke mini gajiyar yini?

Da safen nan na raka Inno wurin likitarki. Likitar ta ce ba a raba ki da dabino ba: biyu ko uku a rana, tare da kindirmo ko gyaɗa, a riƙa auna jini. Ta ce ajwar ma akwai suga, kada in ruɗi kaina. Na sayi na'urar awon, na soki yatsana sau huɗu don in koya, har maƙwabcina ya zo ganin wa ake yankawa.

Ki bar ɗaurin aurenmu inda yake, bayan babbar salla. Ban gaya wa kowa a gidanmu an fasa ba. Ko da bakinki kika faɗa, zan tsaya a ƙofarku in roƙa, in sake roƙo.

Naki a lafiya da jinya, har ranar da ɗayanmu zai raka ɗan'uwansa,
Zaharadden