Kapson da na zuba wa Nana a koko

Gaya, daren Laraba

Na kasa zama wuri ɗaya tun da muka dawo daga gidan likita. Kwana tara 'yata Nana tana zawo, ta rame har awarwaro yana zame mata daga hannu.

Lokotoro, likitan da ya duba ta, ya tambayi abin da muke ba ta. Na ce kapso ja da rawaya, wanda mu direbobi muke saye bakin gada in muna jiran 'yan duwan, wato kwastan. Ciki ya ɗan yi ƙugi, mu kora biyu da shayi. Haka nake fasa mata shi a koko.

Ya aje biro ya dube ni. "Malam Isufu, hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu amfani. Su ke taya narka abinci, su tare masu cuta. Kapson nan duka yake kashewa, shi ya sa zawon ya ƙi tsayawa. Nono kuwa yana taimakon masu amfanin su dawo."

Ni da nake taƙama na fi Inna, mahaifiyata, sani! Kullum cewa take a ba yarinya fura da nono, ina ce mata zamani ya wuce nan.

Ɗazu na juye sauran a masai. Uwar Nana tana tsaye tana kallona. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.