Takardar da Yaya Tittus Ya Bar Mini

Asabar, 9 ga Maris

Kwana huɗu ke nan. Zan rubuta yadda aka yi, ko da ba mai karantawa.

Ranar Talata mijina Kunuk da ƙanensa Pavia suka fita duba mamarin kifinsu a bayan Tsibirin Hankaka, a kan daskararriyar teku, kowa da amalankensa na kan ƙanƙara da karnukan da ke jan sa. Pavia ne a gaba. Kunuk ya ce sun tsaya sun soki ƙanƙara da tooq, sandar nan mai bakin ƙarfe, sau uku kamar yadda babansu ya koya musu. Ba ta huje ba. Ba su yi taku ɗari ba ta buɗe baki. Karnuka tara a ɗaure, suna hawa kan juna, suna cizon juna, amalanke yana jan su ƙasa. Sau biyu Pavia yana kama bakin ƙanƙara, sau biyu tana karyewa a hannunsa. Kunuk ya cilla masa doguwar bulalar karnuka ya kama, ba ta kai ba.

Shekarar Pavia ashirin da biyu. Ba a samu gawa ba.

Ni kuwa a lokacin ina kwance, ina babi na goma sha ɗaya na wani littafin soyayya, likita yana shirin gaya wa yarinyar nan cewa yana son ta.

Lahadi, 10 ga Maris

Kare ɗaya cikin na Pavia ya tsira, jagoran. Ya tauna igiya ya fita, yau ya iso gida yana ɗingishi. Kunuk ya dube shi ya ce, "Aikinka ke nan fa, ka ji ƙanƙara a ƙafarka." Ya shiga ya ɗauko bindiga. Harsashi biyu, a ƙofar gida. Ni na kwashi ƙanƙara da shebur na rufe jinin, ya sake ɓullowa.

Akwai abin da ban rubuta jiya ba.

Ranar Litinin da yamma, ana gobe za su fita, yayana Tittus ya zo. Shi ke yi wa Birgitte jagora, matar nan 'yar Denmark da ke huda ƙanƙara tana ɗura ruwa da iska a kwalabe. Ya same ni da littafi. Ya ce, "Ke Bolatta, ajiye wannan likitan naki na ƙarya ki saurare ni." Na ce ina ji. Ya ce sun ga kumfa na tasowa a bayan tsibiri, ƙanƙarar wurin ta cinye ta ƙasa, kuma su Kunuk kaɗai ke da mamari a can. Waya ba ta kai musu. Ya zana wurin a takarda, ya rubuta KADA KU BI NAN. Ya ce, "Da Kunuk ya shigo ki ba shi. Maimaita." Na ce, "Da ya shigo in ba shi. Yaya, ka tare mini haske."

Na sa takardar a littafin don in gane inda na tsaya. Kunuk ya dawo, ya ci, ya kwanta. Kafin in farka sun tafi.

Talata, 12 ga Maris

A kanti maza na cewa ramukan Birgitte ne suka raunana ƙanƙara. Tsoho Jokum ya ce shekara sittin yana bin wurin nan bai taɓa jiƙa safa ba, sai da aka zo da injin huda.

Da rana aka taru a zauren gari. Birgitte ta yi bayani, Tittus na fassara. Wai ruwa mai ɗumi daga kudu yanzu yana shigowa ta ƙasan tekunmu, yana narkar da daskararriyar laka da ta riƙe iskar gas tun fil azal. Iskar ta taso, ta jawo ruwan ɗumin sama, ya riƙa lasar ƙanƙara ta ciki, samanta kuwa lafiya lau. Ta ce ƙananan halittun ruwa na cinye wani kaso, sauran ya fita sama ya ƙara wa duniya zafi. A da ƙanƙara ce murfi, yanzu murfin na ƙara siranta. Abin da take aunawa ke nan.

Jokum ya ce, "Wato teku ce ta yi tusa ta kashe yaron?" Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ba daɗi.

Kunuk bai yi ba. Ya ɗaga akwatin kwalabenta ya maka da bango. Tittus ya ce, "Haba suruki." Sai Kunuk ya juyo kansa. Naushi na farko a hanci, na ji ƙarar daga inda nake. Ya faɗi, Kunuk ya hau shi, yana duka yana cewa, "Kai ka kai ta! Kai ka nuna mata wurinmu!" Mutum uku suka ɓamɓare shi. Tittus ya tofar da haƙori. Ya ɗago ya nemo ni da ido a cikin mata, ya ɗan girgiza kai.

Ban buɗe baki ba. Ni ce na wanke wa Kunuk hannu da muka koma.

Laraba, 13 ga Maris

Wani ya yanka wa Tittus igiyoyin karnuka, ya fasa masa taga.

Jumma'a, 15 ga Maris

Na kai masa miyar kifi. Fuskarsa ta kumbura, ido ɗaya a rufe. Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "In ce me? Ga ƙanwata can, ku kama?" Wai hancinsa da ma karkatacce ne, Kunuk gyara masa ya yi. Ya so ya yi dariya, haƙarƙari ya hana shi. Birgitte ma ta san ya bar saƙo, ya roƙe ta ta yi shiru, ta yi.

Na ce za su kashe shi. Ya ce, "Nan da sati biyu jirgi zai zo ya ɗauke ta, su huce. Ke kuwa a gidan nan za ki tsufa. Tana nan, takardar?" Na ce tana nan. Ya ce, "Ƙona ta, auta. Ki koma wa likitanki."

Tun ina yarinya haka yake. In na fasa kofi shi ake duka.

Asabar, 16 ga Maris

Na buɗe murhu, na riƙe takardar a kan wuta har gefenta ya yi baƙi. Na janye. Ban san dalili ba.

Surukata ta zo da safe. Ta ɗora hannu a cikina, wata biyar yanzu, ta ce, "Pavia zai dawo mana ta nan. Sunansa za a sa." Ta sumbaci goshina, ta ce ni kaɗai ce ta rage mata abin farin ciki. Na shiga bayi na yi amai, ta ce na ciki ne.

Kunuk yana ƙofar gida yana cika jarka da fetur. Shi da mutum huɗu za su je jibi su ƙona rumfar da Birgitte ke ajiye na'urorinta a kan ƙanƙara. Tittus ya aiko cewa za su same shi a ƙofar rumfar a zaune. Kunuk ya ce, "To ya zauna." Ya sa harsashi a aljihu. Na ce na mene ne. Ya ce na beyar, ƙatuwar farar dabbar nan mai cin mutane. Ba a ga beyar a nan ba shekara shida.

Ya shafa kaina kafin ya fita. Ni kaɗai yake wa magana a hankali yanzu. Wannan ya fi duka ciwo.

Lahadi, 17 ga Maris

Da safe nake rubuta wannan. Bayan coci duk gari zai taru gidan surukata shan kofi don Pavia. Ni na gasa burodin.

Na saba tsara abin da mutum zai ce kafin ya ce, da yadda zai kalle ni, da yadda za a shirya daga baya. Yau na gwada da Kunuk, ba abin da ya zo. Ban san me zai yi ba. Na ga abin da ya yi wa kare, na ga na Tittus. Na kai 'yar jakata gidan yayana tun ɗazu, ban shiga ba, na ajiye a bayan ƙofa.

Ba zan gaya wa Kunuk mu biyu ba, don in ya ce in yi shiru zan yi. In an zuba kofi zan miƙe a gaban kowa in ce Tittus ya kawo gargaɗi ranar Litinin, ni ce ban bayar ba.