Babu Kowa a Mashigi

Asabar, 3 ga Mayu

Yau muka koma teburin wasanmu, karo na farko tun rasuwar Auta. Ɗakin bayan shagon Mai Agogo yana nan yadda muka bar shi: warin man agogo, fanka mai kukan tsiya, taswirar da na zana a bayan kwalin firiji. Kujerar ƙanena ma tana nan, tawul ɗinsa rataye a jikinta. Ba wanda ya taɓa.

Kafin in fita Inna ta ce wai har yanzu ba mu girmi wasan nan ba? Na sake yi mata bayanin da na sha yi: ni ke jan labari, su kowa da jaruminsa a takarda, in an zo faɗa ko tsallake rami sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Ta ce, "To me ake ci?" Na ce ba a cin komai. Ta ce Allah ya shirya.

Ban iya jan komai ba. Yawo na sa jarumansu a daji har aka tashi.

Talata, 6 ga Mayu

Wata mata ta kawo firijinta gyara, ta ce ina yaron nan mai ban dariya. Na ce ya fita. Ban san me ya sa na ce haka ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Manya ne suka tsaya mini a rai. Allolin duniyar wasanmu ke nan, amma Manya muke ce musu, don waccan kalmar tana yi wa Mai Agogo nauyi a baki, ko da na ƙarya ne. Dokar teburinmu tun farko: duniya tawa ce, Manya kuwa nasu. Kowa na riƙe da ɗaya. In jaruminka ya shiga uku, sai ka juya ga mai riƙe da Babban da kake roƙo, shi zai amsa da bakinsa, ni ba ruwana. Mai Agogo na da Maƙerin Tsawa. Nas, mai aiki a asibiti, na da Uwar Rumbu. Dogo direba na da Sarkin Hanya, wanda shi kansa kullum a ɓace yake.

Auta kuwa Tsohuwar Mashigi ce tasa, mai haye da matattu. In jaruminka ya mutu, ka cire takalmi ƙafa ɗaya ka ɗora kan tebur, ka ce, "Kaka, ga ni." Sai ɗan banzan ya yafa tawul, ya toshe hanci, ya hau ciniki da kai. Ta taɓa maido da jarumin Dogo bisa sharaɗin ya daina cin albasa har abada. Nas kuwa sai da ta yi waƙa a tsaye kan kujera. Ba ta taɓa hana kowa dawowa ba, wahalar da mutum kawai take yi. Har jarumin Auta kansa, wani ɓarawo da ake ce wa Ɓera, ya sha mutuwa, ya zauna yana ciniki da kansa da murya biyu, mu muna riƙe ciki.

Yanzu wa zai riƙe ta? Ba kowa. Ko a mafarki.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na sake wa Manyan fasali, su duka. Na zauna kan tulun gas a shago na rubuta sabon tsari: Manya sun kurumce. Maƙeri ya jefar da guduma, rumbu ya rufe, Sarkin Hanya ya ɓace gaba ɗaya. Mashigi ba kowa, kwalekwale ya ruɓe. Wanda ya mutu ya mutu.

Na san ba a ja da ikon Allah, ban kuma ja ba. A asibiti na roƙa har muryata ta dushe, aka yi yadda aka ƙaddara, na yi shiru. Amma waɗannan na takarda, da hannuna na zana su. Da su ina iya ja.

Asabar, 10 ga Mayu

Na karanta musu. Dogo ya ce, "Kai, Yaya, duka?" Su ma Yaya suke ce mini, a bakin Auta suka ɗauka. Nas ta ce ai doka ta ce Manya nasu ne. Na ce duniya tawa ce, kuma a duniyata sama ta toshe. Mai Agogo ya cire madubin idonsa ya goge, ya mayar. Na tsani wannan halin nasa.

Asabar, 17 ga Mayu

Fari ya faɗa wa wani ƙauye a labarin. Jarumar Nas, mai magani ce, ta durƙusa ta roƙi Uwar Rumbu. Ɗan ludo ya ba ta lamba mai kyau ƙwarai. Na ce ba amsa. Ta sake, na ce ba amsa, yaran ƙauyen sun mutu.

Nas ta naɗe takardarta ta sa a jaka. Abin da na riƙe daga maganarta: "Wannan shi nake gani daga Litinin zuwa Juma'a. Ban zo nan ran Asabar don ka ƙara mini ba." Ta tafi. Oho. Ƙofa a buɗe take.

Laraba, 21 ga Mayu

Na sa wa firiji gas, na manta ban toshe inda yake yoyo ba. Aikin Auta ne dā.

Asabar, 24 ga Mayu

Ba na son rubuta wannan.

Mu uku ne. Jarumin Dogo, Bakin Gatari, wanda ya yi shekaru yana wasa da shi, ya faɗa hannun kuraye a kan gada. Ɗan ludo ya ci amanarsa, ya mutu. Kafin in buɗe baki Dogo ya sunkuya yana dariya, ya zare takalmi, ya ɗora kan taswira, ya juya ga kujerar Auta, ya ce, "Kaka, ga ni kuma."

Wallahi mantawa ya yi. Jira yake. Har ya gyara zama irin na mai shirin ciniki. Sai na ga dariyar tana zubewa daga fuskarsa a hankali. Fanka na ta kuka.

Da na yi shiru ma da ya fi. Sai na ce, "Babu kowa a mashigi."

Ƙato kamar Dogo, mai zagin fasinja tun safe, ya tashi yana share ido da gefen riga. Ya fita titi da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan yana nan kan tebur.

Lahadi, 25 ga Mayu

Tir da ni.

Talata, 27 ga Mayu

Mai Agogo ya tako har shagona, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye leda kan benci: takalmin Dogo da tawul. Ya ce, "Ɗana, ba Manya ka sake ba, huce haushi kake a kanmu. Mu ma fa mun yi rashi." Ya ce Asabar mai zuwa in ɗakin ya zama kufai zai zuba kwalaye a ciki, dama wuri ya yi masa kaɗan.

Na ce ya zuba. Bayan ya tafi na ajiye sukuddireba. Teburin nan shi kaɗai ya rage inda mutane ke faɗin sunan Auta su yi dariya. A gida in an ambace shi sai kuka. In an zuba kwalaye, shi ke nan, na binne shi sau biyu, na biyun da hannuna.

Alhamis, 29 ga Mayu

Inna ta ga tawul a ɗakina, za ta wanke, na fizge. Ta kalle ni. Wai ashe ta san Tsohuwar, a kicin Auta yake gwada muryar yana satar nama. "Muryar uwata ce yake kwaikwaya, ja'irin yaro, har yadda take jan hanci." Ta gwada yi, bai fita ba, ta yi dariya, dariyar ta koma wani abu. Rabon da in ji ta yi dariya na manta.

Ni ban taɓa lura muryar kakarmu ce ba. Ina zaune gefensa duk shekarun nan.

Na gwada a banɗaki. Kamar akuya ta shaƙe. Ba zan iya ba, ba kuma zan yi ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Takalmi kawai na je mayarwa, ko da yake tawul ɗin ma yana cikin ledar. Dogo ya zo, shi ma wai takalminsa ya zo karɓa. Kwalayen na jere a bakin ƙofa. Muka zauna ba mai kallon wani.

Na ɗora takalmin kan taswira don ya ɗauka. Bai ɗauka ba. Ban san yadda tawul ya hau kaina ba, zafi ake yi. Na toshe hanci na ce, "Wane marar mutunci ne ya bar mini takalmi mako guda yana wari?"

Muryar ba ta yi ba sam. Mai Agogo ya juya baya yana gyaran agogon da ba abin da ya same shi. Dogo ya ce, "Ni ne, Kaka." Tsohuwa ta ce za ta maido shi, amma sai ya je ya ba mai maganin nan haƙuri a madadin wani wawa. Ya ce ya yarda. Ya sa takalmi. Sai ya ɗago, a hankali, ya ce, "Kaka, Ɓera ya biyo ta nan?"

Na daɗe ƙarƙashin tawul. Har yanzu da ƙamshin sabulunsa.

Ta ce, "Ya biyo. Ya cika ni da surutu, ya sace mini fitila."

"Ba zai dawo ba?"

"Wannan ba zai dawo ba, ɗan nan. Kai dai tashi ka tafi, ana jiranka."

Ban soke sabon tsari ba, kada wani ya ɗauka na soke. Sauran Manyan suna nan a kurmance, sai na ga dama. Kujerar ma ban zauna a kanta ba. Kwalayen dai na taya Mai Agogo mayar da su cikin shago, don sun tare hanya. Tawul na bar shi a can, rataye inda yake.