Zumar Baba ta Farko

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Gembu? Ya Anti Rabi da yara? Allah ya sa gonar gahawa ta yi albarka. Mu nan Kibiya lafiya lau.

Bana tsutsa ta cinye masararmu, har Baba ya yi shirin sayar da saniyar marigayiya Inna. Sai ga amyoyin da ka ɗaura a ɗorawa, waɗanda yake kira wasan yara, sun cika da zuma. Ya kai kasuwa, ya auno hatsi, saniya ta tsira.

Ya ware kwalba ɗaya, ya ce, "Wannan ta Sani ce, kada wanda ya taɓa."

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Ka daure ka zo, Yaya, kullum sai Baba ya goge kwalbar nan.

Ƙanwarka,
Hauwa