Ajin Yamma da Baba Kafinta

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar taki? Ina fata maigidan da yara duk suna lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai dai gajiya, ita kam ta zama 'yar gida.

Na ga faɗan da kika yi mini a wasiƙarki, wai ajin yamma zai ƙarasa ni. Ba ki yi ƙarya ba, amma bari ki ji yadda abin yake. Ƙarfe biyu ake tashi a firamarenmu, iyayen yaran kuwa yawancinsu ba sa dawowa daga aiki sai biyar ta gota. Shi ya sa bara muka buɗe ajin, yara su zauna su yi aikin gida, su ɗan koyi sana'a, maimakon gararamba a bakin titi. Ranar buɗewa mutum tara na unguwa suka sa hannu za su taimaka, har da mai kemis, mai gidan burodi da shugabar teloli. Aka yi hoto, hedimasta ya yi jawabi har muryarsa ta dushe.

Yau in kin leƙo, ni za ki gani da yara arba'in da uku. Shugabar teloli sau uku ta zo, ta bar mana keken ɗinkin da ba ya juyawa. Burodi sai ranar da aka tuna da mu. Mai kemis kuwa da ya hango ni sai ya shiga neman wani abu a ƙarƙashin kanta.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba, Baba Kafinta, wani dattijo mai shago a bayan makaranta. Litinin da Laraba yakan rufe shagonsa ya zo da akwatin kayan aiki. Magana ba ta dame shi ba. Ya sa yara sun gyara bencinan da suka karya da kansu, yanzu ba mai yarda wani ya taka benci. Ba don shi ba da tuni na mayar da makullin ajin.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yi haƙuri da shirun da na yi. Abu ne ya faru, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa gaskiyarsa.

Ranar Laraba waccan wata yarinya 'yar aji huɗu ta yanke da zarto a tafin hannu. Ɗinki biyar aka yi mata. Ta samu sauƙi, likita ya ce yatsun ba abin da ya same su. Amma babanta, wani direban babbar mota, ya zo makaranta yana huci, hedimasta ya rufe ajin nan take, ya kira taron kwamitin ajin, wato mutanen da suka sa hannu ranar buɗewa.

Yaya, mutum taran nan duk suka hallara. Waɗanda wata takwas ban ga ƙeyarsu ba, ga su a jere kan bencinan da Baba ya gyara. Mai kemis ya ce dama shi tun farko hankalinsa bai kwanta da a kawo zarto cikin yara ba. Shugabar teloli ta ce tsufa ya kama Baba, idonsa ba ya gani sosai. Shi kuwa yana zaune da hularsa a gwiwa. Da aka ce ya yi magana, cewa kawai ya yi kayan aikinsa ne, laifin nasa ne, a yafe masa. Aka yanke cewa kada ya ƙara zuwa.

Ga abin da ban faɗa ba. Tsarinmu shi ne, in Baba yana koya wa rukuni ɗaya a baranda, ni ke tsaron akwatin kayan aiki da sauran yaran a cikin aji. Ran nan na zauna da littattafan da zan duba, na ce bari in ɗan jingina kaina da bango. Ihun yarinyar ne ya tashe ni. Akwatin yana gefen ƙafata, a buɗe.

Ina wurin taron nan, amma na ɓoye wannan. Na tuna shekara uku suka rage mini in yi ritaya, na tuna yadda hedimasta ke rubuta rahoto. Na bar dattijon ya ɗauki akwatinsa ya fita shi kaɗai. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Baban yara yana ta tambaya, ina ce masa ciwon kai ne.

Yanzu da yamma yaran suna zube a bakin babbar ƙofar makaranta har iyayensu su dawo. Ta ƙofar baya nake bi in tafi gida.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Ba ki zage ni ba, kuma hakan ya fi zagi zafi.

Na yi abin da kika ce. Na roƙi hedimasta ya sake kiran taro, na miƙe na faɗi komai. Baban yarinyar ne ya fara magana. Ya tambaye ni mu nawa ne ke tsaron yaran kullum. Na ce ni kaɗai. Ya juya ya dubi mutanen kwamiti ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi ko a mota, in tafiya ta yi nisa, direba biyu ake sawa.

An ba ni takardar gargaɗi, ta shiga fayil ɗina. An sake buɗe ajin, an raba ranaku, kowace rana manya biyu. Mako biyu ke nan ana zuwa. Ban saki jiki ba tukuna, na san yadda ɗokin farko yake ƙarewa. Ni dai kwana uku aka bar mini, kuma ko su da ƙyar nake kai su.

Jiya na tafi shagon Baba Kafinta. Na same shi yana goge wata ƙofa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce kwamiti na roƙonsa ya dawo. Ya ce 'ya'yansa sun hana shi, kuma shi ma ya ga gwiwoyinsa sun gaji. Ya ce in turo duk yaron da ke so shago ranar Asabar, tare da babba.

Na ce masa, Baba, ai ba ka san abin da ya faru ba, barci na yi. Bai ko tsayar da aikinsa ba. Ya ce, "Na sani, Malama. Na leƙo na gan ki. Ni na ce wa yaran kada wanda ya tashe ki."

Ya jawo mini kujera, na zauna ina kallonsa yana aiki har ya gama ƙofar.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta